Daga Kumasi Zuwa Tamale Ta Tsohuwar Hanyar Goro

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa yawan tafiya, kuma mun fi kowa rashin ganin gari. Mutum zai shekara ashirin yana zirga-zirga tsakanin Kumasi da Tamale, ko Lome da Yamai, amma in ka tambaye shi me ke tsakani, abin da zai lissafa maka shingayen kwastan ne da wuraren da bas ke tsayawa a kama ruwa. Da dare muke shiga mota, mu rungume jakar kuɗi, mu farka a wata tasha. Haka sana'ar ta koya mana: duk awar da ka ɓata a hanya, wani ya riga ka buɗe shago.

Matsalar ita ce iyalinmu ma haka muke ɗaukarsu, kamar dilar kaya. A loda su a nan, a sauke su a can. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina zaune a Kumasi ina sayar da atamfa da yadi, kuma a nan aka haifi 'ya'yana duka. Sun iya Twi kamar 'yan ƙasa, Hausarsu irin ta Zango ce, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata. In ka tambaye su ma'anar zango, sai su ce sunan unguwa ne, kamar Aboabo ko Asawase. Ba su san cewa zango wurin da fatake ke sauke kaya ne su kwana, gobe su ɗaura su wuce ba. Wato sunan unguwar tamu ma daga tsayawa a hanya ya samo asali, ga shi mu jikokin masu zangon mun daina tsayawa.

Da aka sa ranar ɗaurin auren 'yar wani aminina a Tamale, sai na yanke shawarar ba za mu shiga bas ɗin dare ba. Na ce shatar mota zan ɗauka, kuma ba ta hanyar da kowa ke bi ba, wadda ta ratsa Techiman da Kintampo, mai nisan kusan kilomita 380. Ta gabas za mu bi: Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji, mu haye ruwa mu faɗa Salaga, sannan Tamale. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da goro ke bi daga kurmi zuwa kasuwar Gwanja, inda mahaifin kakana ya riƙa zuwa fatauci daga ƙasar Kano.

Hajiya ba ta yi na'am da farko ba. Ta ce, "Alhaji, kuɗin da za ka ba direba ai ya ɗinka wa yaran nan kayan Salla har da canji. Ga gudummawar biki a gabanmu." Gaskiya ta faɗa, domin da muka buga lissafi, shatar ta ninka kuɗin kujera biyar na bas kusan sau uku. Na ce mata, "Hajiya, ba taushin kujera zan saya ba. A bas, direba ne mai cewa a tsaya. A shata, ni ne. Wannan ikon nake so in biya." Ta yi shiru, can ta ce to in dai za a tsaya a Yeji ta sayi bandar kifi, ta yarda. Da haka aka ƙulla.

Bari in tsaya a kan cinikin motar, don nan ne mutane da yawa ke samun saɓani da direbobi. Kalmar shata a wurin direba tana nufin ya ɗauke ka daga nan ya ajiye ka can, ya juyo da wuri ya nemi wani. Kai kuma a ranka akwai tsaye-tsaye. In ba a faɗa tun a tasha ba, kowace tsayawa za ta zama gardama, yana kallon agogo kana kallon dutse. Saboda haka na zauna da direban kwana uku kafin tafiya, wani Basisale ne mai kimanin shekara arba'in da wani maƙwabcina ya haɗa ni da shi, motarsa mai kujera bakwai. Na rubuta masa garuruwan da za mu tsaya, da tsawon lokacin da za mu ɗauka a kowanne. Muka yi magana a kan mai, cewa yana cikin kuɗin shata. Kuɗin haye ruwa na mota da na mutane, nawa ne. Abincinsa da makwancinsa na dare ɗaya, nawa ne. Kuɗin komowarsa, tun da zai iya dawowa ba fasinja, mun sa shi a lissafi tun farko. Na duba lasisinsa da inshora da takardun mota da idona, na ce ya buɗe but in ga taya ta biyu da jak. Na ba shi kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, saura sai mun sauka. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ba tafiyar dare, duk inda magariba ta same mu nan za mu kwana. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ai ya fi cinikin gida tsawo." Na ce gara a gaji a tasha da a ɓata a daji.

Akwai abu ɗaya da ba ni ba direba ke da iko a kansa, shi ne jirgin fiton da ke ɗaukar motoci daga Yeji zuwa Makango. Shi ke da lokacinsa. Tun ana jibi na kira wani ɗan'uwa mai sayar da gishiri a Yeji ya tabbatar mini jirgin na aiki da kuma lokacin tashinsa, sannan na jera sauran tsaye-tsayen a bayan wannan lokacin. Duk mai niyyar bin hanyar nan, daga nan zai fara lissafinsa.

Mun bar gida bayan sallar Asuba, mu biyar: ni, Hajiya, babban ɗana mai taya ni zama a shago, 'yata da ke ajin ƙarshe na sakandare, da auta ɗan shekara goma. Tsayawar farko a hawan Mampong muka yi ta, inda hanya ke nannaɗe dutse. Muka fito muka leƙa ƙasa, kurmi kore shar, hazo na tashi daga cikinsa. Na ce su kalle shi da kyau, domin nan da 'yan awoyi ba za su ƙara ganin irinsa ba. Haka kuwa aka yi. Muna wuce Ejura, garin masara da doya, dogayen itatuwa suka fara ja da baya, sarari ya buɗe, ciyawa ta yi tsawo. Kafin mu kai Atebubu auta ya fara nuna kaɗanya da ɗorawa yana tambayar sunansu.

A gefen hanya na sa aka tsaya, ƙarƙashin wata inuwa, na yi musu bayanin da ba ya yiwuwa a cikin bas. Goro ba ya yi sai a kurmi, can inda muka baro. Masu cinsa kuwa suna arewa, Kano da Sakkwato da Katsina da Barno, inda ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai da shi. Jaki da doki ba sa jure kurmi saboda ƙudan tsando. Sannan sarakunan Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, ba sa barin baƙin fatake su shigo su sayi goro a gindinsa. Don haka mutanensu ke ɗauko shi a ka, su bi wannan hanya da muke kai, su kai shi Salaga. Namu kuma su taso daga Kano da jakuna, su haye Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Yandi, tafiyar wata biyu zuwa uku, ɗauke da kanwa da baƙin turkuɗi da jemammun fatu da gabu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan fatauci. Ayari na da madugu, da jagaba mai shiga gaba ya nemi masauki, da uban dawaki. A hanyar komawa kuma, kowane 'yan kwanaki sai an kwance huhu an yayyafa ruwa, an tsince wanda sankara ta kama, an sake ganye. Babban ɗana, wanda in kaya suka yi kwana biyu a boda yake cika ni da waya, ya ce, "Baba, wata uku? To riba fa?" Na ce ribar ce ta sa ake cewa wane ya je Gwanja ya dawo, ana faɗa kamar an ce ya ci sarauta.

A Atebubu muka karya da koko da ƙosai. A Prang, garin marigayi Shehu Abdullahi Maikano, muka tsaya muka yi alwala muka gaisa da mutane a bakin masallaci. Abin da ya ba 'yata mamaki shi ne duk inda muka sauka, da Hausa ake amsa mana sallama, da Hausa ake ciniki. Ta ce ita ta ɗauka daga an bar Zangon Kumasi sai an kai Tamale kafin a sake jin Hausa. Na ce mata duk garin da ta ga zango a kan wannan layi, sawun jaki da shanu ne ya kafa shi.

Yeji gari ne na ruwa da kifi. Hajiya ta shige kasuwa ta cika alkawarin da ta yi wa kanta, har direba ya fara tunanin inda zai sa kwandon. Muka haɗa Azahar da La'asar muka yi ƙasaru, sannan aka shigar da motarmu jirgi tare da manyan motocin doya. Auta ya ce wannan teku ce. Na ce a'a, a zamanin kakanninmu kogi ne da ake hayewa da kwalekwale. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, ita ta tare kogin Volta ya zama wannan tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, har aka tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu. Busassun itatuwan da yake gani sun leƙo daga ruwa, da can daji ne ake bi da ƙafa. Ya yi tsit yana kallonsu har muka kai gaɓar Makango.

Mun shiga Salaga rana na shirin faɗuwa, muka sauka gidan wani abokin ciniki da ke sarin atamfa a wurina. Wanda ya ji sunan Salaga a bakin tsofaffi zai zaci birni ne mai ganuwa. Gari ne madaidaici, mai ƙura da babura, kamar sauran garuruwan arewacin Gana. Da safe mai masaukinmu ya haɗa mu da wani dattijo ɗan asalin garin, ya shiga motarmu ya zauna gaba. Shi ya ba mu labarin yadda kasuwar ta mutu. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙasashen arewa suka ɓalle daga hannun Asante, goro ya rage zuwa. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi tsakanin gidajen sarautar Kpembe, garin sarki da ke kusa, aka watse. Fatake suka bazu, wasu Kintampo, wasu Yeji, wasu Kete Karachi. Cikin waɗanda suka koma Karachi har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zama limamin garin har rasuwarsa a 1934. Na ce wa yaran su riƙe wannan: kasuwa ma tana ƙaura. Wanda ya ga cikar Kejetia a yau kada ya ɗauka an yi mata alkawarin dawwama.

Dattijon ya nuna mana tsofaffin rijiyoyi, ƙanana, birjik a fili, waɗanda suka sa ake yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu. Daga nan ya ce a juya mota zuwa bayan gari, wani wuri mai ruwa. Ya ce, "Nan ne Wankan Bayi." Bai fassara ba, don babu buƙata. A nan ake wanke mutanen da aka kamo, a shafe su da man kaɗe su yi sheƙi kafin a kai su kasuwa. Ya ce akwai kuma Rafin Angulu, inda ake jefar da waɗanda suka mutu. Sunayen duka biyu da harshenmu suke, har yau ba a canza su ba.

'Yata ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta juyo. Ta ce, "Baba, a makaranta an koya mana Elmina da Cape Coast, an ce Turawa ne. Me ya sa nan sunan da Hausa yake? Kakan naka da yake zuwa nan, goro kawai yake saye?"

Ina iya cewa goro kawai, mu shiga mota. Amma ban biya kuɗin shata don in kawo ta nan in rufe mata ido ba. Na gaya mata abin da na ji daga bakin kakata tun ina yaro: a gidanmu na can ƙauye an yi wata tsohuwa mai tsage a fuska irin wanda ba na ƙasarmu ba, ita ta yi renon kakana, kuma kowa ya san tare da huhunan goro aka zo da ita daga Gwanja tana yarinya. Ta rayu ta mutu a gidan, ba ta ƙara ganin garinsu ba. Na ce mata mutumin da ya gina mana suna a fatauci shi ne kuma ya sayo yarinyar nan, kuma duka biyun gadonmu ne.

Direbanmu yana jingine da mota, ban ma san yana saurare ba. Sai ya ce, a hankali, "Alhaji, ni mutumin wajen Gwollu ne. A garin har yanzu akwai ragowar katangar da kakanninmu suka gina don tsoron mahara, zamanin Babatu. Da yawa cikin waɗanda aka wanke a nan daga wajenmu aka kamo su." Babatu shi ne jagoran mayaƙan Zabarmawa da suka addabi ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19, ya ƙare rayuwarsa a Yandi. Direban ya ce shekara goma sha biyar yana tuƙi, ya sha wucewa ta Salaga da fasinja, bai taɓa sanin ga inda wurin yake ba. Ba wanda ya yi wani dogon jawabi. Hajiya ce ta ce a yi musu addu'a, muka ɗaga hannu mu duka, da dattijon da direban, muka shafa.

Daga Salaga zuwa Tamale kusan kilomita 120 ne. Rabin farko na hanyar motar shiru take. Can auta ya ce yunwa yake ji, Hajiya ta ɓare kifi ta miƙa wa direba kafin kowa, hira ta dawo. Muka shiga Tamale kafin La'asar, kwana guda kafin ɗaurin aure, ba kumburin ƙafa, ba wanda ya kwana a zaune. Da na cika wa direban kuɗinsa na ɗora masa wani abu a kai, ya ce in duk lokacin da zan sake irin wannan tafiya kada in nemi wani.

Yanzu bari in yi lissafi irin namu. An kashe kuɗi, babu musu. An rufe shago kwana guda fiye da yadda bas zai ci. Hanyar ma ba duka take da daɗi ba, akwai wuraren da sai a hankali. Abin da aka samu kuwa: babban ɗana ya daina ganin sana'armu kamar abin da wanda bai yi boko ba ke faɗawa ciki, ya gane tana da asali da tsari tun kafin a yi kwalta. 'Yata ta dawo ta kira kakarta a waya tana tambayar yadda ake kiran tsohuwar nan mai tsage, ta rubuta a littafinta. Auta kuma in aka ce zango yanzu, ya san ana nufin inda matafiyi ya sauke kaya.

Ba na cewa kowace tafiya sai an ɗauki shata. Tafiyar sari tafiyar sari ce, bas ya wadatar. Amma a shekara akwai biki ɗaya ko gaisuwa ɗaya da dole a tafi da iyali. Wannan ita ce za a ware. In kuɗin ya yi nauyi, gida biyu su haɗa su ɗauki ƙaramar bas su raba. Kada a cika wuraren tsayawa, uku ko huɗu a yini sun isa, in sun wuce haka yara za su gaji, direba ya ƙosa. A nemi ɗan gari tun kafin a isa, domin dutse da rijiya ba sa magana sai da mai ba da labari, kuma a sallame shi da abin kirki. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihu. A tambayi lafiyar hanya a bakin direbobin da suka biyo ta a makon, musamman 'yan'uwanmu na Nijar da Burkina da arewacin Kamaru, inda akwai hanyoyin da a yanzu tsayawa a daji ba hikima ba ce. Inda hali bai ba da ba, a tsaya a cikin gari kawai. Mai tafiya daga Yamai zuwa Damagaram yana da fadar Zarmakoy a Dosso, yana da Birnin Ƙonni da Maraɗi. Mai barin Ngaundere zuwa Marwa yana da Garwa da kogin Binuwai. Kowace hanya da muke bi da dare, wani ya bi ta da rana a ƙafa kafin mu.

Mun komo ta Kintampo, muka tsaya a magangarar ruwan garin yara suka jiƙa kayansu. Tun a can 'yata ta fara lissafin tafiya ta gaba, wai Kete Karachi take so, garin Alhaji Umaru. Direban kuma ya ce in mun shirya, shi Gwollu zai so ya kai mu mu ga katangar. Na ce duka biyun sai bayan Salla, in kasuwa ta yi kyau. Allah Ya kai mu, Ya tsare mana hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu bin ta, da waɗanda suka bi ta da son ransu da waɗanda aka bi da su a ɗaure.